Kujeru sun ƙare, mota ba ta yi nauyi ba: yadda yawan fayiloli ke durƙusar da saba

A ƙaddara wata makaranta mai zaman kanta a nan Kaduna ta sa an gina mata shafin rajista, inda kowane mai neman gurbi zai ɗora hoton fasfo da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa. An yi hayar saba, wato kwamfutar nan da ke riƙe da shafi dare da rana wadda wasu ke kira uwar garke, mai faifan ajiya na gigabait 100. Aiki ya yi ta tafiya lami lafiya har shekara biyu, sai wata safiya ana tsakiyar rajista hotuna suka daina hawa, shiga shafin ma ya gagara, saƙon da ke fitowa kuma yana cewa babu sauran wuri a faifai. Mai kula da sabar ya duba, ya tarar ko gigabait 30 ba a ci ba. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, shi ma idonsa bai yaudare shi ba, abubuwa biyu dabam ne kowannensu yake ƙirgawa.

Wanda ya saba shiga mota a tashar Kawo ba zai sha wahalar gane wannan ba. Bas mai kujera 18 ta cika da zarar mutum 18 sun zauna, ko da dukansu ramammu ne kuma babu mai kaya, domin kwandasta kai yake ƙirgawa. Tsarin fayil, wato ƙa'idar da kwamfuta ke bi wajen jera bayanai a faifai, shi ma lissafi biyu yake riƙe da su: na nauyin abin da aka ajiye, da na adadin abubuwan. Mai sayen saba kusan kullum na farkon yake tambaya, shi ne ma ake rubutawa a takardar farashi, alhali ga mai tara ƙananan fayiloli na biyun ne ke fara kama shi.

A tsarin ext4, wanda ya zauna da gindinsa a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da saba, a ƙarshen 2008 kuma shi ne nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Debian ke girkawa idan ba a zaɓi wani ba, kowane fayil yana da ainod. Ainod ɗin kamar katin asibiti ne. Ba a cikinsa abin da fayil ya ƙunsa yake ba, abin da ke ciki shi ne girman fayil ɗin, da mai shi, da waɗanda aka yarje wa buɗe shi, da lokacin da aka taɓa shi, da wuraren da gundarinsa yake a faifai. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ana buga katunan nan gaba ɗaya tun ranar da aka yi wa faifai fomatin, kuma a faifai matsakaici ƙa'idar da aka saba ita ce kati ɗaya ga kowane bait 16,384. Faifan gigabait 100 ke nan zai tashi da katuna miliyan 6 da 'yan kai. Idan fayilolin da ake tarawa ba su wuce kilobait 4 ba kowannensu, katunan za su ƙare alhali kashi ɗaya cikin huɗu kawai na faifan aka cika. Bayan fomatin kuma ba a iya sauya wannan rabo, sai dai a faɗaɗa faifan ya zo da nasa ƙarin katunan, ko a kwashe komai a sake fomatin da rabo mai yawa. Umarnin da yawancin mutane ke bugawa don duba sauran wuri a faifai, df -h, nauyi kaɗai yake nunawa. Df -i ne ke nuna katunan, kuma na sha ganin wanda ya shekara yana kula da saba bai taɓa buga shi ba.

Ba kowane tsari ne ke da wannan ɗabi'a ba. XFS, wanda kamfanin Silicon Graphics ya ƙirƙira a farkon shekarun 1990 kuma kamfanin Red Hat ya mayar da shi zaɓin farko a nau'in Linux ɗinsa a 2014, yana buga katin ne a lokacin da aka buƙace shi, don haka da wuya a ji ya ƙare da kati alhali da sauran fili. NTFS na Windows, wanda ya fito a 1993, yana ware wa kowane fayil layi mai kilobait ɗaya a babban kundinsa, kundin kuma yana girma yadda ake buƙata, har zuwa fayiloli sama da biliyan 4. Yana da wata dabara ma mai kyau: fayil ɗin da bai wuce 'yan ɗaruruwan bait ba ana cusa shi a cikin layin nasa, kamar yadda uwa ke ɗora yaro a cinya ba a biya masa kujera ba. Masu hayar wuri a saba ta tarayya kuwa, irin wadda yawancin ƙananan shafukan garin nan ke kai, iyakarsu ba daga tsarin fayil take zuwa ba. Kamfanin haya ne ke yanka wa kowa adadin ainod, kuma sau da yawa tallar da ke cewa wurin ajiya ba shi da iyaka tana da wannan sharaɗi a can ƙasa cikin ƙananan haruffa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina makaranta mai ɗalibai 'yan dubbai za ta samo fayiloli miliyan 6? Amsar ita ce mafi yawansu ba mutum ne ya ɗora su ba. Manhajar da aka rubuta da PHP, yaren da ake gina shafukan intanet da shi, idan ba a sauya mata tsari ba, tana buɗe ɗan ƙaramin fayil ga kowane baƙo da ya fara zama a shafi, har da butum-butumin injunan bincike da ke yawo dare da rana, kuma idan aikin sharar da ya kamata ya riƙa goge tsofaffin ya tsaya, babu wanda zai lura sai ranar da ta ɓaci. WordPress, wani dandalin gina shafuka, yana yanka kowane hoto zuwa girma daban-daban, hoto ɗaya ya zama biyar ko fiye. Sabar imel mai bin tsarin Maildir tana ajiye kowace wasiƙa a fayil nata, har da na banza da ba wanda ya buɗe. Waɗannan su ne fasinjojin da ke cinye kujeru.

Akwai kuma ɓarnar fili da ke biyo baya. Faifai ba ya ba da wuri bait-bait, bulo-bulo yake bayarwa, kuma bulo ɗaya a mafi yawan tsare-tsare bait 4,096 ne. Fayil mai bait 200 bulo guda yake cinyewa, saboda haka miliyan ɗaya irinsa, waɗanda ainihin nauyinsu megabait 200 ne, za su mamaye kimanin gigabait 4.

Sai batun da aka fi jayayya a kansa, wato fayil nawa ya dace a zuba a folda ɗaya. A nan tsohon ilimi da sabo sun cakuɗe, har ana ba mutane shawarar da ta dace da injunan shekara ashirin da suka wuce. Folda ita ma fayil ce, jerin sunaye ne kawai, kowane suna da lambar katinsa a gefe. A tsohon tsarin ext2, idan ana neman suna sai a bi jerin daga sama har a iske shi, kamar magatakardan da ke bin rajista layi-layi, don haka duk ninkin yawan fayiloli ninkin jira ne. Daga baya aka shigar da fihirisa mai suna HTree a ext3, ext4 kuma ya gaje ta, ta yadda ake juya sunan fayil zuwa wata lamba a tafi kai tsaye inda yake. XFS da NTFS ma suna da irin tasu bishiyar fihirisa. Sakamakon haka, buɗe fayil ɗaya da aka san sunansa a foldar da ke da fayiloli miliyan ɗaya ba ya ɗaukar wani lokacin kirki a yau. Iyakokin da suka rage na zahiri ne amma suna da nisa: fihirisar ext4 mai hawa biyu tana cika a wajejen fayiloli miliyan 10 a folda ɗaya, sai a 2017 aka ƙara damar hawa na uku ga wanda ya kunna ta. Wadda ta fi cizon mutane a da ita ce ta ext3, da ba ta yarda folda ta haifi 'ya'yan foldoji fiye da kusan 32,000 ba, abin da ya riƙa tsayar da shafukan da ke buɗe wa kowane mai rajista foldarsa. FAT32 kuwa, tsarin da ke kan yawancin filas da ƙananan memori, gurabe 65,536 yake ba kowace folda, kuma dogon suna yana cin gurbi fiye da ɗaya. Masu tura fina-finai a waya sun fi saninsa da ɗaya iyakar tasa, ta ƙin karɓar fayil da ya kai gigabait 4.

To, tunda neman fayil ɗaya ya yi sauƙi, me ya sa har yanzu babbar folda ke wahalarwa? Domin saba ba buɗe fayil ɗaya-ɗaya kaɗai take yi ba. Duk aikin da ke buƙatar a bi foldar kaf yana nan da nauyinsa. Umarnin ls, mai nuna abin da ke cikin folda, yana karanto sunayen duka, ya jera su bisa haruffa, kafin ya nuna ko guda, idan kuma an nemi cikakken bayani sai ya ɗauko katin kowane fayil. A ext4 abin ya ƙara muni saboda sunayen suna fitowa ne bisa jerin lambobin fihirisa, wanda ba shi da alaƙa da yadda katunan suke kwance a faifai, sai karatun ya zama tsalle daga nan zuwa can. Wanda ya yi niyyar share foldar da umarnin gogewa na rm da alamar tauraro, wadda ke nufin duk fayilolin, zai gamu da ƙorafin cewa jerin ya yi tsawo, domin ana fara baje sunayen ne gaba ɗaya a layin umarni, wurin da aka ware wa hakan kuma a Linux yawanci megabait 2 ne, sunaye dubu hamsin ko sittin sun isa su cika shi. A Windows akwai wani tsohon gado, gajeren suna mai harafi takwas da Windows ke iya ƙirƙira wa fayil mai dogon suna saboda tsofaffin manhajojin zamanin DOS. Microsoft da kansa ya ba da shawarar a kashe wannan a foldar da ta kai fayiloli 300,000, musamman idan farkon sunayen iri ɗaya ne. Manhajojin ɗora fayil da allon sarrafa saba da ake buɗewa a burauza su ne suka fi saurin sumewa, tun foldar ba ta kai ko'ina ba.

Maganin da aka daɗe ana yi shi ne rarraba fayiloli a ƙananan foldoji, kuma a nan ne ake gane wanda ya yi tunani. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce rabawa da harafin farko na suna. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a Tudun Wada ko Rigasa ya san inda wannan zai ƙare: Abubakar da A'isha da Aminu da Abdullahi da Ahmad za su cika foldar A, Muhammad da Musa da Maryam su cika ta M, foldar Q da ta X kuma su zauna wayam. Rabawa da shekara da wata, yadda WordPress ke yi, ya fi wannan, amma shi ma a makaranta watan rajista zai kwashe kusan komai. Abin da ke raba daidai shi ne a juya suna ko lambar ɗalibi zuwa lambar hash, wato jerin haruffa da lambobi a hargitse da lissafi ke fitarwa daga sunan, a ɗauki haruffa biyu na farkonta su zama sunan folda. Kowane harafi a irin wannan lamba ɗaya ne daga cikin alamomi goma sha shida, don haka haruffa biyu suna ba da foldoji 256, kuma haka Git, manhajar da masu rubuta manhajoji ke adana aikinsu da ita, ke jera abubuwan da take ajiyewa. Idan aka yi hawa biyu an sami foldoji 65,536, fayiloli miliyan 10 ke nan za su faɗa kimanin 150 a kowace. Sai dai zuru ba ta da kyau, wuce gona da iri ma haka. Na ga masu yin hawa uku don a zauna lafiya, ba su lissafa cewa hakan na iya haifar da foldoji sama da miliyan 16 ba, kowace da katinta da bulonta, wato kusan gigabait 69 na foldoji zalla, sun fi fayilolin da aka gina su dominsu yawa. A ganina, ga mafi yawan ayyukan da ake yi a garin nan, hawa ɗaya ko biyu ya wadatar.

Rarrabawa tana sauƙaƙa wa folda, amma ba ta rage adadin fayiloli ko ɗaya ba, kuma adadin ne ke bayyana ranar da aka zo ɗaukar kwafin ajiya. Faifai mai juyawa, irin mai juyi 7,200 a minti, yana iya karanta bayanai da ke jere da juna da gudun megabait 150 ko fiye a daƙiƙa, amma idan allurarsa za ta riƙa tsalle wuri-wuri, abin da take iyawa bai wuce tsalle ɗari ko kusa da haka a daƙiƙa ba. A ɗauki fayiloli miliyan 10 masu kilobait 20 kowanne, jimla gigabait 200. Da a dunƙule suke a fayil ɗaya, minti ashirin da 'yan kai sun isa a kwafe su. A warwatse kuwa, ko da tsalle ɗaya tak kowane fayil ya ci, ana maganar daƙiƙa 100,000, kusan awa 28, kuma a aikace kowane fayil ya fi cin tsalle ɗaya. Nan ne kwafin da aka tsara zai riƙa gudana kowane dare yake kasa ƙarewa kafin na gobe ya taso. Manhajar rsync da ake yabo saboda abin da ya sauya kaɗai take kwafewa, ita ma dole ta duba katin kowane fayil kafin ta san bai sauya ba. Faifan SSD ya rage wannan ciwo ƙwarai, tunda ba shi da allura kuma yana amsa dubun-dubatar buƙatu a daƙiƙa, don haka ga mai ƙananan fayiloli kuɗin da aka sa a SSD ya fi wanda aka sa a ƙarin gigabait amfani. Bai kawar da shi ba dai, musamman idan kwafin zai bi ta intanet, inda kowane fayil ke da nasa jiran zuwa da dawowa.

Akwai abin da ke ɓoye wannan rauni a ranakun lafiya. Linux yana riƙe katuna da sunayen da aka taɓa kwanan nan a ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi mai sauri ta kwamfuta, kowane katin ext4 yana cin wajen kilobait ɗaya a can, saboda haka sabar da ta daɗe a kunne tana amsawa da sauri kamar ba ta da matsala. Katuna miliyan 10 kuwa suna neman ram wajen gigabait 10, abin da ƙaramar sabar haya ba ta da shi. Ga ofisoshin da suka ajiye tasu sabar a ɗaki, suna dogaro da janareto da inbata, akwai ƙarin magana: duk ɗaukewar wutar da ta kashe injin tana share abin da ke ram, a tashi da saba mai nauyin jiki har sai ta sake ɗumama. Kundin aukuwa da ext4 da XFS da NTFS ke riƙewa, inda suke rubuta sauyin da za su yi kafin su yi shi, yana sa a farfaɗo cikin daƙiƙoƙi a mafi yawan lokuta, amma ranar da ya zama dole a yi cikakken binciken faifai, tsawon aikin yana bin adadin fayiloli ne, kuma shafin a rufe yake har a gama.

Manyan kamfanoni sun ci karo da wannan bango tun da daɗewa. A 2010 injiniyoyin Facebook sun bayyana cewa suna riƙe da hotuna biliyan 65, kowanne a girma huɗu, jimla biliyan 260. A tsohon tsarinsu, inda folda ke ɗauke da dubban fayiloli, ɗauko hoto ɗaya yana cin aikin faifai fiye da goma, kusan dukansu na neman suna da kati ne kafin a kai ga hoton. Da suka rage foldojin zuwa ɗaruruwan fayiloli abin ya sauko zuwa uku, ya ƙi sauka daga nan. Sai suka gina Haystack, inda ake jera hotuna bi da bi a cikin manyan fayiloli masu kimanin gigabait 100, a riƙe ɗan taƙaitaccen bayanin inda kowane hoto yake a ram, ɗauko hoto ya koma aikin faifai ɗaya. Sun daina ba kowane hoto kujerarsa ke nan, suka koma lodin buhu.

Makarantar Kaduna ba Facebook ba ce, kuma kuskure ne ta kwaikwayi gininsa, amma tunanin yana da ƙananan siffofi da suka dace da ita. Bayanan zaman baƙi ba su da dalilin zama fayiloli, rumbun bayanai ko Redis, manhajar da ke riƙe bayanai a ram, ya fi dacewa da su. Takardun ɗaliban da suka gama shekaru biyar da suka wuce ana iya ɗaure su a ƙunshi ɗaya na kowace shekara. Game da sa hotuna a cikin rumbun bayanai kuwa, wani binciken Microsoft na 2006 ya gano cewa abin da bai kai kilobait 256 ba rumbu ya fi iya riƙe shi, abin da ya haura megabait ɗaya kuma tsarin fayil ya fi, tsakanin nan ya danganta da irin aikin. Masu SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, ma sun ce a gwajinsu karanta ƙananan abubuwa masu wajen kilobait 10 daga rumbunsu ya fi karanta su daga fayiloli sauri da kimanin kashi 35 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma na injuna da manhajojin da aka yi gwajin da su ne, bai kamata a ɗauke su kamar doka ba, kuma rumbun da aka cika da hotuna shi ma kwafinsa yana yin nauyi. Hanya ta uku ita ce ma'ajiyar gajimare irin S3 ta Amazon, wadda ta fara aiki a 2006, inda babu folda ta gaskiya balle katin da zai ƙare. Farashinta dai da dala ake lissafa shi, kuma ana cajin adadin buƙatu ban da nauyin ajiya, wato ko a can ma ana ƙirga kai.

Mu koma ga mai kula da sabar makarantar nan da safiyar da rajista ta tsaya. Da ya buga df -i zai ga katuna sun kai ɗari bisa ɗari, daga nan sai ya bi foldoji yana ƙirga fayilolin kowace, ba nauyinsu ba, har ya iske wadda ta kumbura, wadda a irin wannan hali galibi ta zaman baƙi ce. Zai goge tsofaffin da umarnin find, wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da baje sunayen a layi ba, kuma shafin zai dawo tun ana 'yan dubban farko, ko da yake sharar kanta na iya cin awoyi. Sai ya gyara aikin sharar da ya tsaya, ya sa a riƙa yi masa gargaɗi idan katuna suka kai kashi 80. Abu ɗaya zai rage da zai ba shi mamaki: a ext4 folda ba ta motsewa bayan an kwashe abin da ke cikinta, don haka foldar da ta taɓa ɗaukar sunaye miliyan 5 za ta ci gaba da zama mai ɗaruruwan megabait, tana jan ƙafa duk lokacin da aka leƙa ta, ko da fayil goma ne suka saura. Sai ya buɗe sabuwa, ya mayar da goman can, ya goge tsohuwar, ya ba sabuwar sunanta.